Gurbin Firimiya ba rumfar kasuwa ba ne da za a saye shi

Daren Lahadin da ta wuce muna zaune a majalisarmu ta Mabera bayan an tashi daga gidan kallo, ana ta musun Arsenal da Chelsea kamar kullum, sai hira ta juyo gida ta faɗo kan Sokoto United. Wani dattijo da muke girmamawa, wanda tun muna yara yake zuwa filin Giginya kallon wasa, ya gyara zama ya ce: "Wai mi muka jira? Gwamna shi hidda kuɗɗi shi sawo muna gurbi ga Firimiya awa yadda waɗansu sunka yi, kowa shi huta." Abin da ya fi tada min hankali ba maganar ba ce, yadda majalisa ta ɗauka gaba ɗaya ana gyaɗa kai ana cewa wallahi gaskiya ne Baba. Na ce masa Baba Allah shi ba ka haƙuri, amma wagga magana ba ta kama hanya ba, ya ce to ɗana kawo taka hanyar mu ji. Ban samu na gama ba aka watse, kuma tun daga ranar na ga irin wannan magana tana yawo a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp da Facebook, har da masu kiran kansu masana harkar wasanni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Kowa ya san inda aka samo wannan tunani. A kakar 2023/2024 ƙungiyoyi huɗu ne suka faɗi daga gasar Firimiyar Najeriya, wato NPFL: Heartland ta Owerri, Gombe United, Doma United da Sporting Lagos. A ƙasa kuma aka buga wasannin neman hawa na NNL, gasar rukuni na biyu, da ake kira Super 8 a Enugu, Sokoto United tana cikin takwas ɗin, yaranmu suka keta ƙasar nan tun daga nan har can suka buga iya ƙarfinsu Allah bai nufa ba. Nasarawa United da El-Kanemi Warriors suka hau daga Arewa, Ikorodu City da Beyond Limits suka hau daga Kudu. To Beyond Limits mai ita ɗaya ne da Remo Stars, wato Kunle Soname, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu a gasa ɗaya, ga shi Remo Stars tana Firimiya, don haka Beyond Limits ba ta samu shiga ba. Har nan babu matsala, dokar mai kyau ce. Amma da aka tashi cike gurbin sai wa aka gani a ciki? Heartland. Ƙungiyar da aka buga wasa 38 da ita aka tabbatar ba ta cancanci zama ba, ita ce ta dawo ta zauna kamar ba a yi komai ba.

Kada wani ya ce son kai ne ya sa nake magana, ni ban ce gurbin nan na Sokoto ba ne, gurbin Kudu ne, kuma akwai ƙungiyoyin Kudu biyu da suka buga Super 8 ɗin nan ba su hau ba, cikinsu wadda ta fi maki ita ce ke da haƙƙi. Su suka sha rana, su suka biya kuɗin mota da masauki tsawon kaka guda, wani can daban ya shige ta ɓarauniyar hanya. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Kuma me ya biyo baya? An kawo Emmanuel Amunike ya zama koci, an yi ta ɗoki, ƙarshen kakar 2024/2025 Heartland ta sake faɗuwa tare da Akwa United da Sunshine Stars da Lobi Stars. An gudu ba a tsira ba. Wannan shi ne abin da ake so mu kwaikwaya a Sakkwato da kuɗin talakawa.

Kuma ba a kan Heartland aka fara ba. A 2019 Kada City ta Kaduna ta hau Firimiya da guminta, nauyi ya yi mata yawa, ana tsakiyar kaka gurbinta ya koma hannun Delta Force. Ba a rufa shekara ba Kwara United, wadda ta faɗi a kakar 2019 ɗin, ta karɓe gurbin daga hannun Delta Force ta dawo. Gurbi ɗaya ya zagaya Kaduna, Delta, Kwara cikin shekara guda kamar buhun albasa da ake ta sauya wa dillali. Wai a ce wannan ita ce babbar gasar ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka.

Ni abin da na sani game da lig, tun daga na unguwa da muke bugawa ba takalmi har zuwa na Ingila, duk abu ɗaya ne ke riƙe shi, wato teburi. A NPFL ƙungiya 20 ne, kowa ya je gidan kowa, wasa 38, ka ci maki 3, canjaras maki 1, na ɗaya ya ɗauki kofi, na ɗaya da na biyu su tafi gasar zakarun Afirka, na uku da wanda ya ci kofin ƙalubale su tafi gasar Confederation ta Afirka, huɗun ƙarshe su sauka NNL huɗu su hau, a ƙarƙashin NNL kuma ga NLO inda ƙananan ƙungiyoyi ke fafutuka. Tsani ne, kuma duk darajarsa ita ce yaron da ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare a Gidan Igwai ko Runjin Sambo ya yarda cewa in ƙungiyarsu ta yi ta cin wasa babu mai hana ta kaiwa sama, wanda ke sama kuma ya san in ya yi sakaci zai sauko komai sunansa. Ranar da aka ce mai kuɗi yana iya tsallake tsanin, to me ya rage? Me zai sa shugaban ƙungiya ya damu da biyan albashi a kan lokaci, me zai sa ya nemo koci na ƙwarai ko ya gyara fili, tunda ya san in an faɗi akwai inda za a je a daidaita? Kuma kai ɗan kallo da ka biya kuɗin ƙofa ka zauna cikin rana kana ihu saboda wasan da aka ce maka na tsira daga faɗuwa ne, ashe kai kaɗai ka ɗauki abin da gaske.

Masu kare wannan abu suna cewa ai kasuwanci ne, ko a Amurka ma sayen gurbi ake yi. Amurka ba su da hawa da sauka a babbar gasarsu, sun faɗa wa duniya haka tsarinsu yake, ba su tara yara a Enugu su ce ku buga wanda ya ci zai hau sannan a juya a yi wani abu daban ba. Wasu kuma su ce Heartland tsohuwar ƙungiya ce mai tarihi, ita ce Iwuanyanwu Nationale da ta ci kofin farko na gasar ƙwararru a 1990, bai kamata ta ɓace ba. Raccah Rovers ta Kano ma ta ci lig a 1978, Mighty Jets ta Jos ita ta ci na farko a 1972, yau suna ina a Firimiya? Kano Pillars mai kofi huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗi a 2022, ta je NNL ta buga ta dawo da ƙafarta a 2023. Abin da ya sa har yanzu in an ce Sai Masu Gida mutum ke jin nauyin sunan kenan.

Tunda mu mutanen gidan kallo ne bari in kawo misali daga inda muka fi sani. A Sifaniya Barcelona tana da ƙaramar ƙungiya, Real Madrid ma tana da Castilla, kuma dokarsu ta hana su shiga La Liga tare da iyayen gidansu, daidai da matsalar Beyond Limits da Remo Stars. Ƙaramar Barcelona ta taɓa ƙarewa ta uku a rukuni na biyu har sau biyu, 2011 da 2014, matsayin da ya isa ta buga wasan neman hawa. Me aka yi? An tsallake ta aka ba ƙungiyar da ke biye a teburi, shikenan, ba wanda ya kira wani a waya, ba wanda ya buɗe jaka. A Ingila kuwa da aka yanke shawarar ɗauke Wimbledon daga unguwarta a kai ta Milton Keynes, inda daga baya aka sauya mata suna, magoya bayanta sun ƙi bi, suka kafa tasu AFC Wimbledon a 2002 suka fara daga can ƙasa, kafin 2011 sun hau cikin gasar ƙwararru. Luton Town da muka kalla a Firimiyar Ingila a 2023, har zuwa 2014 ba ta ma cikin rukunai huɗu na sama. Waɗannan labaran su ke sa mu biya kuɗin kallo mu zauna kan benci cikin zafin Sakkwato janareto na ƙara, amma in an zo gida sai mu ce a sawo.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙa, domin sayar da gurbi alama ce kawai, ciwon yana ciki. Ka tambayi kanka, wa ke sayen gurbi a gasar da ba ta kawo riba? Remo Stars da ta ci kofin 2024/2025 naira miliyan 200 aka ba ta, kafin nan Rangers ta samu miliyan 150 a 2024, Enyimba miliyan 100 a 2023. Ana ƙarawa, na yaba, amma duk wanda ya san kuɗin dizal da na otal da albashin 'yan wasa sama da talatin da tafiya wasan waje sau 19 a ƙasa mai faɗin Najeriya ya san wannan kuɗi ba ya riƙe ƙungiya, kuma na wanda ya zo na ɗaya ne fa. To ɗan kasuwa mai lissafi zai yi tunani sau goma. Wanda ba ya tunani shi ne wanda kuɗin ba nasa ba ne. Kwara United ta gwamnati ce, Heartland ta gwamnati ce. A kakar 2025/2026 cikin ƙungiyoyi 20 guda 16 na gwamnatocin jihohi ne, huɗu kacal ne masu zaman kansu, Remo Stars, Ikorodu City, Barau FC ta Kano da Kun Khalifat ta Owerri. Wato abin da muke kira gasar ƙwararru a gaskiya gasar ma'aikatun wasanni ce ta jihohi.

Kuma ƙungiyar gwamnati kowa ya san yadda take tafiya. Shugabanta naɗin siyasa ne, sabon gwamna sabon shugaba, wani lokaci ma sabon kwamishina sabon kwamiti, ba wanda ke tsara abin shekara biyar domin bai san ko zai kai baɗi ba. Kuɗin tafiya sai fayil ya zagaya ofis-ofis ya jira sa hannu, ranar Laraba ake da wasa ranar Talata ake neman man mota. Faɗuwa daga Firimiya ba asarar kuɗi ba ce a wurinsu, abin kunya ne na siyasa, 'yan adawa za su samu abin faɗa a rediyo, shi ya sa ake neman hanyar rufe kunyar ko ta halin ƙaƙa. Daga nan ne ake samun matsin lamba kan alƙalan wasa, daga nan ne ake samun wannan al'ada ta cewa wasan gida dole a ci, har ta kai in baƙo ya farke ƙwallo a mintin ƙarshe sai a ga kamar an yi sabo. Mun ga abin da ya faru a filin Sani Abacha a watan Oktoban 2025 bayan Shooting Stars ta farke wa Pillars, aka shiga fili aka far wa alƙalai, aka kwashe wa Pillars maki 3 aka kore ta daga gida. Na yarda da hukuncin, amma 'yan kallon nan ba daga sama suka koyi cewa sakamako abu ne da ake ƙwata ba, manya suka gani. Ko mun manta 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema a rana ɗaya saboda neman hawa, duniya ta yi ta mana dariya? Wancan an kore su an ce sun zubar da mutuncin ƙwallo. Wanda ya yi nasa a ofis da takarda da sa hannu kuma sai a ce masa barka da dawowa.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan baya ne mai tsayi, ya samu wata ƙungiyar gwamnati a wata jiha da ba zan ambata ba, ranar da zai tafi mahaifiyarsa har sadaka ta yi. Bayan kaka ɗaya ya dawo da jaka ɗaya da ciwon gwiwa, yana bin su albashin watanni da kuɗin sa hannu da ba a cika masa ba, yanzu kabu-kabu yake yi. In na tuna shi sai in ji wannan magana ta a sawo gurbi ta ƙara ƙona min rai, domin kuɗin da za a kai wa wani a wata jiha a karɓo takarda, ya isa a biya irinsu haƙƙinsu a kuma yi musu magani. Ba mu manta da Chineme Martins na Nasarawa United ba, wanda ya faɗi a fili a Lafiya a watan Maris na 2020 ana wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Gasar da ke da irin wannan a tarihinta, lasisin ƙungiya da lafiyar ɗan wasa ya kamata su hana shugabanninta barci.

Su kansu masu gudanar da gasar, matsalarsu ita ce ba su da tushe mai ƙarfi da za su ce wa gwamna a'a. An yi LMC, kamfanin da ya riƙa gudanar da gasar, shekara kusan goma, Nduka Irabor sannan Shehu Dikko, a 2022 ma'aikatar wasanni ta tarayya ta ce ba ta san da ita ba, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye, daga baya hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta Ibrahim Musa Gusau, maƙwabcinmu na Zamfara, ta naɗa hukumar gasar shi dai Elegbeleye yana shugaba. A 2018 an tsayar da lig a wasa na 24 saboda rikicin shugabancin NFF, aka ba Lobi Stars tikitin Afirka aka ce ba mai faɗuwa, a 2019 aka wayi gari da ƙungiya 24. Gaskiya a 'yan shekarun nan an samu gyara, ana farawa a gama kan lokaci, ana cin wasa a waje fiye da da, kamfanin GTI ya shigo da kuɗi, ba zan hana su wannan yabo ba. Amma a Ingila tun 1992 ƙungiyoyin da ke cikin gasar su ne masu hannun jarinta, yanzu duk wata babbar doka sai 14 cikin 20 sun yarda, kuɗin talabijin na cikin gida rabi a raba daidai, kashi 25 bisa matsayi a teburi, kashi 25 bisa yawan haska wasanka, wanda ya faɗi ya miƙa hannun jarinsa ga wanda ya hau. Kowa na tsaron dokar domin abincinsa na ciki. Mu kuwa wanda ke biyan albashin ƙungiya 16 cikin 20 shi ne gwamna, to wa zai tsaya gabansa?

Na fahimci zafin da Baba yake ji, wallahi ni ma ina jin sa. Duk faɗin Sakkwato da Kebbi da Zamfara babu ƙungiya ko ɗaya a Firimiya, in kana son ganin wasan lig da idonka mafi kusa sai ka je Katsina, ga halin da hanya take ciki. Ina son in ga ranar da motar Enyimba ko Rangers za ta shigo ta Kwannawa, su ma su ɗanɗana tafiyar sama da kilomita 1,000 da yaranmu ke yi, su buga da la'asar cikin zafinmu Giginya ta cika maƙil. Amma in an sawo gurbin yau, da waɗanne 'yan wasa za a buga, a wane irin fili, wa zai biya su wata na biyar in kuɗin ya tsaya? Za mu hau ne mu zama abin da kowa zai zo ya kwashi maki, mu sauko bayan wata tara, kuɗi sun tafi, kuma duk inda ɗan Sakkwato ya buɗe baki a maganar ƙwallo a ce masa ku da kuka saya.

Abin da nake so a yi ba shi da wuyar faɗa. NFF da hukumar NPFL su rubuta a fili cewa gurbi ba ya sayuwa, duk ƙungiyar da ta hau ta kasa ko doka ta hana ta, na biye da ita a teburin NNL shi ke hawa, wanda ke son ƙungiya ya saye ta da sunanta da garinta da bashinta. Wanda ake bin sa albashi kada a ba shi lasisi ko wane ne ubangidansa. Mu kuma a nan gida gwamnati ta tsaya kan abin da ya zama nata, ta gyara Giginya, ta dawo da gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi 23, ta saki wani kaso na Sokoto United ga 'yan kasuwa da magoya baya, muna da masu kuɗi a garin nan, muna da kamfanin siminti a Kalambaina, muna da dubban matasa da ke biyan kuɗin kallo duk Asabar da Lahadi waɗanda in sun ga gaskiya za su yanki katin zama mamba. Remo Stars daga ƙaramin gari take, Ikenne, ta hau ta faɗi ta sake hawa, mai ita ya gina fili da makarantar horar da yara, ta zo ta biyu sau biyu a jere kafin ta ɗauki kofi a 2025.

Yaran da suka kai mu Super 8 a 2024 sun nuna tazarar ba ta da yawa, wasa biyu ko uku ne tsakaninmu da hawa. A riƙe irinsu, a biya su a kan lokaci, a bar koci ɗaya ya yi shekara uku ba tare da an sauke shi don an sauya kwamishina ba. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan koma majalisa da wannan rubutu a waya in karanta wa Baba tun daga farko, tunda shi ya ce in kawo tawa hanyar.